Ƙarfafa jiki ba tare da ƙarfe ba: tsuguno, tura ƙasa da jan reshe

Da an gama girbi, aikin ƙarfi yakan ragu a ƙauyukan Kano da Jigawa, jiki ya fara saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya riƙa motsa jiki na ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Fili mai taku 3, dakali, turmi da reshen bishiya sun wadatar. Sai dai a kowane motsi, guda 8 da aka yi daidai sun fi 30 na garaje, domin garajen ne ke cin gwiwa da kafaɗa.

Fara da tsuguno. Buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje. Tura ƙugu baya kamar za ka zauna, ka sauka a hankali har cinya ta yi daidai da gwiwa, ƙirji a ɗage. Diddige kada ya bar ƙasa. Idan ya tashi, nauyi ya koma gaban gwiwa ke nan. Lura kuma lokacin tasowa, nan ne gwiwoyi ke karkatowa ciki kamar za su haɗu, alamar tsokar ɗuwawu ba ta kama aiki ba. Tura su waje, su bi saitin yatsu. Sabon shiga ya ajiye kifaffen turmi a bayansa, ya taɓa shi kawai ya miƙe. Tsallen kwaɗo irin na horon makaranta ba ya cikin wannan, wahalar da gwiwa yake yi.

Sai tura ƙasa da hannuwa. Kifa, tafuka su ɗan zarce faɗin kafaɗa, jiki a miƙe sambal daga ƙeya zuwa diddige. Matse ciki da ɗuwawu, ka sauka har ƙirji ya kusa taɓa ƙasa. Gwiwar hannu ta nufi baya-baya kusa da haƙarƙari; baza ta gefe daidai kunne na matse gaɓar kafaɗa. Da zarar ƙugu ya lotsa, tsaya, ƙasan baya ne ya karɓi aikin. Wanda bai iya 5 masu kyau ba ya dafa dakali ko katanga tukuna. Kada a yi a kan tabarmar roba, tana zamewa.

Jan reshe shi ne mai wuya. Nemi reshen tsamiya ɗanye mai kauri, ka gwada shi da nauyinka kafin ka saki ƙafa. Ja har haɓa ta wuce reshen, ban da lilo. In ya gagara, taka turmi har haɓa ta wuce reshen, ka saki ƙafa ka sauko a hankali cikin daƙiƙa 5.

Kowanne a yi 8 zuwa 12, sau 3, da hutun minti 1 ko 2 a tsakani, sannan a tsallake kwana guda. Shaƙi iska wajen sauka, fitar wajen tasowa; riƙe numfashi yana ɗaga hawan jini. Mai wannan ciwo ko mai gwaiwa ya fara ganin likita.

A bazara zafi kan wuce digiri 40, don haka bayan asuba ya fi, da ruwan sha a kusa. Da azumi kuwa bayan buɗa-baki. Tsamin jiki na kwana 2 ko 3 ba komai ba ne. Suka a cikin gaɓa ko kumburi kuwa, a dakata har a duba.