Yadda za ka karɓi riƙon fakej ɗin da mai shi ya bari

In kana amfani da Linux, da wuya a ce babu wata manhaja a kwamfutarka yanzu haka da ba mai kula da ita. Mai ita ya gaji ko aiki ya yi masa yawa, fakej ɗin (wato manhajar da aka haɗa yadda za a iya saka ta a kwamfuta) na nan zaune, rahoton bog sai taruwa yake, sabon fitowa ya zo daga masu rubuta asalin kod ɗin amma ba wanda ya shigo da shi. Irin wannan shi ake kira maraya, kuma kowa na iya fitowa ya ce zai riƙe.

Ka fara da wanda kai da kanka kake amfani da shi. Ni a wurina wannan ya fi komai, don fakej ɗin da ba ka buɗewa ba za ka san ya lalace ba sai mutane sun fara ƙorafi, kuma bayan ɗan lokaci sha'awar za ta mutu ka sake mayar da shi maraya karo na biyu. A Debian, ɗaya daga cikin nau'ikan Linux, abin da sauƙi, ka saka devscripts ka buga wnpp-alert, zai jero maka fakej ɗin da ke kan na'urarka da ke neman mai kula. A jerin WNPP, inda Debian ke ajiye rahoton fakej ɗin da ke neman mai kula, za ka ga alamomi, O maraya ne kai tsaye, RFA mai shi yana nan amma yana son ya sauka, RFH kuma taimako kawai yake nema. In sabon shiga ne kai gara RFA ko RFH, don akwai wanda za ka tambaya in ka maƙale.

Kafin ka furta komai a fili, sauke kod ɗin ka gina shi a na'urarka tukuna ka ga ko ma zai ginu. Karanta tsofaffin rahotannin bog har waɗanda aka rufe, a nan za ka gane inda yake ba da wahala. Duba ko masu asalin manhajar suna raye suna aiki, don in su ma sun watsar to ka sani duk wani gyaran tsaro a kanka zai faɗo. Sannan ka buga apt-cache rdepends da sunan fakej ɗin ka ga su wa suka dogara da shi, in jerin ya cika allo ka yi tunani sosai, laburaren da ɗaruruwan manhajoji ke jingine da shi ba wurin koyon aiki ba ne.

In ka gamsu sai ka sanar. A Debian za ka canza taken rahoton WNPP ɗin daga O ko RFA zuwa ITA, wato kana da niyyar ɗauka, ka sa kanka a matsayin mai shi, don kada mutum biyu su yi aiki ɗaya. A fayil ɗin debian/control ka cire Debian QA Group (in maraya ne) ko sunan tsohon mai shi ka sa sunanka, a changelog kuma ka rubuta lambar rahoton don ya rufe da kansa. Tunda ba ka da izinin ɗorawa tukuna, sai ka ɗora a mentors.debian.net ka nemi sifonsa, wato mai izinin da zai ɗora a madadinka, ta hanyar buɗe rahoton RFS, zai duba ya dawo maka da gyare-gyare, wani lokacin sau da yawa, ka yi haƙuri a nan ake koyo. Fedora kuwa, wani nau'in Linux, maraya na da mako 6 kafin a yi masa ritaya, wato a cire shi, kuma sai kana cikin rukunin masu haɗa fakej za ka iya ɗauka. AUR, rumbun fakej na masu amfani da Arch Linux, maɓalli ne kawai ka danna. PyPI, rumbun fakej na Python, tana da ƙa'idarta a takardar PEP 541.

To in mai shi bai ce ya bari ba, shiru kawai ya yi fa? Kada ka ƙwace. Ka tura masa imel cikin ladabi, ka aika ƙananan gyare-gyare, ka ce za ka iya zama mataimaki. In shirun ya ci gaba Debian na da hanyar ITS, wato sanar da niyyar ceto fakej, inda ake jira kwana 21 a fili kafin a ɗauka.

Kuma don Allah kada ka ji haushi in aka yi ta maka tambayoyi ko aka ƙi ba ka makulli da wuri. A 2018 an miƙa fakej ɗin event-stream na npm, rumbun fakej na JavaScript, ga wani da ya zo da sunan taimako, ya cusa kod mai neman satar bitkoyin daga manhajar ajiyar bitkoyin ta Copay. A 2024 kuma aka gano ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a manhajar matse fayil ta xz 5.6.0 da 5.6.1, wanda ke amfani da sunan Jia Tan ya ɗauki kusan shekara biyu yana aiki har Lasse Collin, mai kula da xz, ya amince masa, wani injiniya Andres Freund ne ya lura SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya yi nauyi ya bi diddigi. Saboda haka ka yi komai a fili, ka sa hannu da makullin GPG ɗinka mai tabbatar da cewa aikin naka ne, kowane canji ya zama ƙarami mai bayani, kuma kada ka matsa wa kowa lamba.

Ranar da kai ma ka ga ba ka da lokaci, kada ka ɓace shiru. Ka buɗe RFA, ka rubuta abin da ya rage da inda ake samun matsala, ka tsaya ka amsa tambayoyin wanda zai karɓa har ya ɗora nasa na farko.