Kurakuran da aka fi yi wajen goge katako da sanfefar soso

Sanfefar soso, wato wadda aka manna ƙwayoyin yashinta a jikin soso mai laushi, ta samu karɓuwa wurin kafintoci da masu fenti saboda tana lanƙwasa ta shiga inda ta takarda kan karye, kamar ƙafar kujera da aka sassaƙa, ko kwarmin adon ƙofa, ko gefen allon gado mai zagaye. Sai dai laushin nan da ya sa ake son ta, daga gare shi ne yawancin ɓarnar take fitowa.

Kuskure mafi girma shi ne a ɗauke ta don daidaita fuskar tebur ko ƙofa. Soso bin siffar abu yake yi, ba ya gyara ta. Idan akwai tudu a katako, ko fila da aka cike rami da ita ta yi tozo, zai hau tudun ya gangara kwarin, ya bar su duka da santsi, har hannu ya ji kamar aiki ya yi kyau. Sai an shafa banish haske ya faɗa a kai sannan kowane tudu ya fito fili, a lokacin da gyara ya zama asarar kaya. Maganinsa shi ne a naɗe sanfefar takarda a guntun katako mai miƙaƙƙiyar fuska, a zizzira fensir a kan wurin, a goge har zanen ya ɓace baki ɗaya. Bayan haka ne soso zai shigo don lungu da gogewar ƙarshe.

Na biyu shi ne dannawa da kan yatsu. Ƙarfin yakan taru a wuri guda ya bar sawu, a kan kusurwa kuwa soson yakan naɗe ya cinye kaifinta. Abin ya fi muni a filawud, domin fatarsa ta sama sau da yawa ba ta kai milimita 1 ba, kuma idan ta huje babu fentin da zai mayar da ita. A shimfiɗa tafin hannu, a sassauta, a bi tsawon zaren katakon ba a gicciye ba.

Akwai kuma masu tsallake lambar sanfefa don sauri, wato lambar da ke nuna kaushinta: ƙarama ta fi kaushi, babba ta fi laushi. Wanda ya tashi daga 80 ya faɗa 220 ya bar karce a ƙasa. Tsarin da ya dace shi ne 120, sai 180, sai 220, tsakanin shafin banish kuma 320 ko 400. Wasu sosunan ba sa zuwa da lamba, don haka a fara gwada su a ɓarin katako.

Gaggawar goge shafin da bai bushe ba ita ma tana ɓata aiki, musamman da damina, lokacin da laima ke jinkirta bushewa. Busasshen shafi farin gari yake fitarwa; idan ya riƙa murɗewa yana manne wa soso, a dakata. Soson da ya toshe ba jefarwa ake yi ba, a wanke shi, a matse, a bari ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙe yana tayar da gashin katakon da ba a shafa wa komai ba, yana kuma kumbura allon MDF, wato wanda ake yi da garin katako da aka matse da gam.

Abin da na fi jin takaicinsa shi ne goge tsohon fenti ba takunkumi, yara na wasa a gefe. Wasu fentocin mai suna ɗauke da dalma, wadda ƙurarta ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro. A nisantar da yaran, a jiƙa fentin da ruwa kaɗan kafin a goge, a kuma kwashe dattin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.