Masu iyaye a Amurka, ku duba takardar Medicare kafin 7 ga Disamba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda Baba ko Hajiyarsa ke kan Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi, ga tunatarwa. Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba ne ake sauya tsarin magani na Part D ko Medicare Advantage (Medicare ta hannun kamfanin inshora mai zaman kansa), sabon ya fara aiki 1 ga Janairu.

Wajen ƙarshen Satumba kamfanin inshora kan aiko da wasiƙar canje-canjen shekara mai zuwa. Yawancinmu a kan firji take ƙarewa ba a buɗe ba. Ku buɗe ta. Ku kwaso kwalaben maganin tsoho gaba ɗaya, na hawan jini, na suga, har na ɗigawa a ido, ku shigar da sunayensu a Medicare.gov ku ga wane tsari ne ke biyansu. Maganin da ake biya bana, baɗi ana iya cire shi. Ku kuma kira asibitin likitansa ku tabbatar suna karɓar tsarin, kada ku tsaya ga maganar ɗan talla a waya.

Iyayenmu masu zuwa gida su daɗe fa, a kula. Medicare galibi ba ya biyan jinya a wajen Amurka, kuma wanda ke Advantage idan ya wuce wata 6 a waje ana iya cire shi daga tsarin.

Wanda zai cika 65 kuma ba shi da inshorar wurin aiki, kada ya yi jinkirin shiga Part B, ɓangaren Medicare mai biyan ganin likita. Tarar ƙarin kashi 10 cikin ɗari ce a kuɗin Part B na wata-wata kan kowace shekarar da aka makara, kuma ba ta sauka. Ofishin SHIP na jiharku, mai taimaka wa masu Medicare, yana ba da shawara kyauta.