Yadda muke wanke fim da garin kofi a Tudun Wada

Duk Asabar bayan la'asar mukan haɗu mu bakwai ko takwas a wani tsohon sito da muka toshe tagarsa da kwali da baƙar leda. Tanki ɗaya gare mu, wato ɗan gwangwanin wanke fim da haske ba ya shiga, sai sikeli da ma'aunin zafi, kowa ya zo da fim ɗinsa na baƙi da fari. Maganin wanki na kamfani tsada gare shi, sai an yi oda kuma, shi ya sa muka koma kofi. Dabarar ba tamu ba ce, a 1995 aka fito da ita a wata cibiyar fasaha da ke Rochester a Amurka.

Ga haɗin lita ɗaya: giram 54 na sodar wanki, giram 16 na garin bitamin C, giram 40 na kofi mai narkewa, irin na teburin mai shayi. Soda za ka fara narkarwa tas, sai bitamin, kofi a ƙarshe. Warinsa ba daɗi, ka daure. Wani yaro ya ce mini, "Kawu, kanwa ba za ta yi ba?" Na hana shi, don ƙarfinta ba ɗaya ba ne, ga yashi.

Fim a duhu ƙirin ake naɗa shi cikin tanki. Jan ƙwan lantarki na aikin takardar hoto ne kawai, fim kam lalata shi yake yi.

Inda Kaduna ke kayar da mutum shi ne zafi. An tsara haɗin nan a kan digiri 20, minti 15 ga fim mai ISO 100, wato lambar saurin ɗaukar haske da ke jikin kwalinsa. Wani watan Afrilu na ɗebo ruwa daga tankin saman rufi ban auna ba, hotunan sunan ɗiyar ƙanwata suka fito baƙi wuluk, har yau ana yi mini gori. Yanzu ruwan randa nake fara ɗiba, in sa kwalbar haɗin cikin roba mai ƙanƙara, ina duba ma'auni har ya sauka. Ka zuba haɗin a tankin fim, ka yi ta juya shi a minti na farko, daga nan sau uku kowane minti. Lokaci ya cika, ka zubar, ka ɗauraye da ruwa, ka zuba fiksa, maganin da ke tabbatar da hoto don kada haske ya ɓata shi, minti biyar.

Fiksa dai kofi ba ya maye gurbinta, kuma ita ce abin kiyayewa. Tana kwaso azurfa daga jikin fim, azurfar nan guba ce ga halittun ruwa, kwatarmu kuwa kogin Kaduna take nufa. Mukan mayar da ita kwalba a sake amfani. Gwajinta sauƙi: jefa guntun fim, ka ga minti nawa zai yi ya washe. Idan ya ninka lokacin da take sabuwa, ta gaji. Sai a juye ta a jarka da soson ƙarfe a ciki, bayan 'yan kwanaki azurfar ta kwanta kamar baƙin laka, mu adana shi a rufe.

Ɗauraya ba ta buƙatar famfo a buɗe, wanda ma ba kullum yake kawowa ba. Cika tanki ka juya sau 5, zubar, sabon ruwa sau 10, sannan sau 20. Idan hunturu ne, ka yayyafa ruwa a banɗaki ƙura ta kwanta, ka rataye fim ɗin, ka ja ƙofa, kada kowa ya buɗe sai bayan isha'i.