Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan An Share Rajista

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jidda da Makka. Wasu kwamfutocin hannu da ake saye a kasuwar gwanjo ta Haraj suna zuwa da manhajar kashe bairos har biyu, kuma idan suka yi karo wajen tashi, sai allo ya maƙale a kan tambarin Windows, ɗigogi suna ta zagayawa. Mai Windows 10 ko 11 yana da manhajar kashe bairos ta Microsoft Defender a ciki, kuma a ganina ya wadatar.

Manhajojin share rajista, wato ma'ajiyar saituttukan Windows, sun fi haɗari, domin suna iya goge bayanin da direba (manhajar da ke sarrafa wani sashe na kwamfuta) ke buƙata, kamfanin Microsoft ma bai goyi bayan amfani da su ba.

Idan abin ya faru, kada a yi gaggawar kai kwamfutar a goge komai. A kashe ta da maɓallin wuta sau uku a jere tana cikin tashi, shafin gyara zai fito da kansa. A shiga Startup Settings, a danna Restart, sannan a danna 4 domin Safe Mode, wato tashin Windows da muhimman manhajoji kaɗai, a cire manhajar da aka saka ta ƙarshe. In ta ci gaba da gardama, a koma shafin a zaɓi System Restore, mai mayar da Windows yadda yake a baya, wanda ba ya taɓa hotuna da takardu.