Darasi na 7: Yadda Ake Auna Yawan Caca

Ka tambayi mai caca nawa ya kashe a watan jiya, sai ya hau ba ka labarin ranar da ya ciwo. Wannan rana tana nan daram a ransa, ranakun da aka cinye shi kuwa sun bi iska. Shi ya sa masu bincike ba sa karɓar amsar "ai ɗan taɓawa nake yi". Abu huɗu suke ƙirgawa: kwana nawa a wata, awa nawa a zama ɗaya, kuɗi nawa, da kuma caca iri nawa.

Wajen kuɗin ne aka fi ruɗewa. A ce mutum ya zuba 100, ya ciwo 60, ya sake mayar da 60 ɗin aka cinye. A bakinsa ya ci 60. A lissafi ya zuba 160, kuma 100 ɗinsa ta tafi. Abin da za a rubuta shi ne abin da ya bar aljihu bai dawo ba.

A 2021 masana a Kanada sun fitar da iyaka uku: kada kuɗin caca ya wuce kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gida, kada a wuce kwana 4 a wata, kada a saba da fiye da iri 2. Ba cewa suka yi ƙasa da haka babu haɗari ba. Daga nan ne illa take ƙaruwa sosai. Yanzu da caca ta shiga waya, ba a rufe ƙofarta dare da rana, kwana 4 ba ya wuyar cika.

Kamuwa da caca kuma da nata ma'auni, ana kiransa PGSI, an ƙirƙiro shi a Kanada a 2001. Tambayoyi 9 ne kan watanni 12 da suka wuce. Ɗaya daga ciki: ka taɓa komawa wata rana don ka fanshe abin da aka cinye ka? Kowace amsa tana da maki 0 zuwa 3. Wanda ya tara 8 ko fiye, cacarsa ta zama matsala, yana bukatar ganin likita ko mai ba da shawara.

Aiki: Wani gida na samun 50,000 a wata. Nawa ne kashi 1 cikin 100? Maigidan ya yi asarar 3,000 cikin kwana 9. Iyaka nawa ya tsallake? Ku rubuta amsa, sannan ku karanta wa juna.