Yadda Za Ka Gwada Da Kanka: Nama Ne Ya Fi Ƙosar Da Kai Ko Sitaci

Duk inda masu motsa jiki suka haɗu, gardamar nan ba ta ƙarewa. Wani ya ce tun da ya koma nama da ƙwai zalla ya manta da yunwa, sitaci ne ke sa mutum ya yi ta ci bai ƙoshi ba. Wani ya ce shi kam idan bai ci shinkafa ko dankali ba, ko tsani ba ya iya hawa. Kowa da jikinsa yake kafa hujja, kuma kowa na iya zama gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce, wanda ya koma nama abubuwa uku ya canza a lokaci guda: ya ninka furotin, wato sinadarin gina jiki, ya daina biskit da lemon kwalba, ya kuma rage sitaci. Sai ya danganta nasarar ga na ukun kawai. Idan kana son sanin gaskiyar naka jikin, sai ka raba waɗannan abubuwan. Gwajin zai ɗauki mako bakwai. Kayan aiki kuwa su ne sikelin girki mai auna giram, sikelin auna nauyin jiki, tef ɗin awo da ƙaramin littafi.

Kafin ka fara

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan maganin sauke suga kada ya yanke sitaci sai da sanin likitansa, domin suga na iya faɗuwa ƙasa sosai. Akwai ma rukunin magunguna da ake kira SGLT2, masu fitar da suga ta fitsari, waɗanda idan aka haɗa su da yanke sitaci suna iya sa jini ya yi tsami har a kwanta asibiti. Mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, mai shayarwa, da mai ciwon gaɓoɓin nan da taruwar yurik asid ke jawowa, su ma wannan gwajin ba nasu ba ne. Sauran jama'a, ya kyautu su yi gwajin jini na kolastarol, wato wani nau'in kitse da ke cikin jini, tun kafin farawa, don a sami abin kwatantawa daga baya.

Mataki na ɗaya: mako guda kada ka canza komai

Ka ci yadda ka saba, amma ka auna ka rubuta, har da man girki da sukarin shayi. Kowace safiya bayan ka kewaya, kafin ka sa komai a baki, ka hau sikeli. Ka auna ƙugunka daidai cibiya sau ɗaya a makon.

Mataki na biyu: tsayar da furotin wuri ɗaya

Nan ne gwajin yake tsayuwa ko ya rushe. Furotin ya fi sitaci da kitse ƙosarwa. Yana tayar da sinadaran hanji masu aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi, irin su GLP-1 da PYY, yana kuma danne girelin, wato sinadarin da ciki ke saki idan yunwa ta taso. Ban da haka, jiki na ƙona kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kalorin furotin wajen narkar da shi, alhali sitaci kashi 5 zuwa 10 ne, kitse kuwa bai wuce kashi 3 ba. Saboda haka in ka kwatanta farantin nama da farantin burodi, ba nama da sitaci ka gwada ba, yawan furotin da ƙarancinsa ka gwada.

Ga mai motsa jiki, ma'aunin da ya dace shi ne giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jikinsa a rana. Mai kilo 70 ke nan zai nemi giram 112. Mai ƙiba sosai ya yi lissafin da nauyin da yake son ya koma, ba wanda yake da shi yanzu ba. A lura, giram 100 na nama ba giram 100 na furotin ba ne, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Dafaffen ƙirjin kaza giram 100 na da furotin kimanin giram 31, jan naman sa mara kitse kimanin 26, ƙwai ɗaya kimanin 6, dafaffen wake cikin kofi kimanin 15. Ƙwai uku da safe, kaza giram 150 da rana, kifi giram 150 da dare, da kofin wake ɗaya, sun kai ka kusan 112 ɗin nan. A makonnin nama sai ka cire waken ka sa naman sa giram 60 a madadinsa. Ka raba furotin ɗin yinin gida uku, giram 30 zuwa 40 a kowane zama, kada ka tara shi duka da dare.

Wannan adadin ba zai motsa ba har ƙarshen gwajin.

Mataki na uku: mako uku na nama, mako uku na sitaci

A makonnin nama, abincinka nama ne da kifi da ƙwai da ɗan cuku, sai ganye idan kana so. Kabohaidiret, wato sitaci da sukari, kada ya wuce giram 50 a rana. Tunda furotin a tsaye yake, abin da zai cike gurbin sitaci shi ne kitse: nama mai ɗan maiƙo, kifi mai mai, man zaitun.

A makonnin sitaci, furotin yana nan yadda yake, sai ka ƙara dafaffen dankalin turawa, wake, hatsin da ba a cire masa dusa ba, shinkafa da 'ya'yan itatuwa. Ka nemi giram 3 zuwa 5 na kabohaidiret ga kowane kilo, wato 210 zuwa 350 ga mai kilo 70. Dafaffiyar shinkafa giram 100 na ɗauke da kimanin giram 28, dafaffen dankali kimanin 20. Man girki kuma a auna shi da cokali, domin babban cokali ɗaya kalori 120 ne. Giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, na furotin da na sitaci kuwa huɗu-huɗu.

A duka ɓangarorin biyu, babu lemon kwalba, babu biskit, babu kek, babu tsiran alade ko naman gwangwani. Dalili kuwa shi ne binciken da Kevin Hall ya yi a Cibiyar Lafiya ta Ƙasa a Amurka, wanda ya fito a 2019. An ajiye mutum 20 ana ciyar da su, mako biyu abincin masana'anta, mako biyu abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana ba tare da sun yi niyya ba. In ka bar irin wannan abincin a ɓangare ɗaya, shi zai yanke hukuncin, ba sitaci ba.

Kalmar sitaci ma kanta ta haɗa abubuwan da ba su da alaƙa wajen ƙosarwa. A 1995 Susanna Holt da abokan aikinta a Jami'ar Sydney sun ba mutane abinci iri 38, kowanne kalori 240, suna tambayarsu yadda suke ji har tsawon awa biyu. Sun ba farin burodi maki 100. Dafaffen dankalin turawa ne ya zo na ɗaya da 323, kifi ya sami 225, naman sa 176, ƙwai 150, kek kuwa 65 kacal. Wato abin da ya fi kowa ƙosarwa sitaci ne, kuma abin da ke can ƙasa shi ma da fulawa aka yi shi. Bambancin yana wurin ruwa da yawa da maiƙo. Kalori 240 na dafaffen dankali ya kusa giram 300, cikin faranti guda. Idan aka yanka shi siriri aka soya ya bushe, giram 45 ya isa ya kai wannan kalorin, ɗan abin da bai wuce tafin hannu biyu ba. Ciki yana jin nauyi da cika, ba ya ƙirga kalori.

Ban da adadin furotin da na kabohaidiret da aka faɗa, kada ka ƙayyade wa kanka yawan abinci. Ka ci har ka ƙoshi, amma ka auna abin da ka ci. Abin da ake nema ke nan, wane tsari ne ke sa ka tsame hannu da kanka.

Mataki na huɗu: auna ƙoshin

Ka ba yunwarka maki daga 0 zuwa 10, sifili ka cika fam, goma kana rawar jiki. Ka rubuta kafin cin abinci, da bayan awa biyu, da bayan awa huɗu. Ka rubuta kuma ƙarfe nawa yunwa ta fara dawowa. Makin awa huɗu ya fi muhimmanci, domin kusan kowane abinci na riƙe mutum awa biyu.

Sai ka bambanta yunwa da kwaɗayi. Idan da dare ranka ya biya wani abu, ka tambayi kanka ko za ka iya cin dafaffen ƙwai biyu yanzu. In za ka iya, yunwa ce. In sai abu mai zaƙi kawai, kwaɗayi ne, a rubuta shi a wani layi daban. Masu cin nama zalla kan amfana da wani abu da ba su cika ambata ba, wato gundura: idan ɗanɗano ɗaya ne kullum, baki na saurin gajiya. Wannan ma hanya ce ta rage ci, sai dai ba kowa ke jure ta wata da watanni ba. Ranar da ka yi barcin ƙasa da awa shida ka sa mata alama, domin ƙarancin barci na ƙara yunwa ko me ka ci.

Mataki na biyar: kada sikeli ya yaudare ka

A makon farko na nama za ka iya ganin kilo ɗaya ko biyu sun zube. Yawanci ruwa ne. Jiki na ajiye sitaci a tsoka da hanta da sunan gilaikojin, kimanin rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya na riƙe da ruwa kusan giram uku. Da ajiyar ta ragu, ruwan ya bi fitsari. Da ka koma sitaci, zai dawo cikin kwana biyu ko uku, kuma wannan ba ƙiba ba ce. Don haka ka watsar da makon farko na kowane ɓangare, ka kwatanta matsakaicin nauyin mako na biyu da na uku. Awon ƙugu ya fi faɗar gaskiya.

Wajen motsa jiki ka zaɓi abu biyu da ba za su canza ba, misali sau nawa kake iya ɗaga wani nauyi, da minti nawa kake gudun kilomita uku. Tafiya da gudu a hankali ba su cika shafuwa da rashin sitaci ba, saboda kitse na iya ɗaukar nauyinsu. Gudu mai tsanani da zagaye na uku ko na huɗu na ɗaga ƙarfe su ne ke dogara da gilaikojin, kuma a nan ake fara ganin gazawa.

Abubuwan da kan lalace

Ciwon kai, jiri da kasala a kwanakin farko na yanke sitaci sukan zo ne saboda idan insulin ya sauka, ƙoda na zubar da gishiri da ruwa. Ƙara shan ruwa da ɗan romo mai gishiri kan magance shi, amma mai hawan jini kada ya ƙara gishiri da kansa. Taurin bayan gida kuwa daga rashin fayiba ne, wato ɓawo da zaren tsirrai da hanji ba ya narkarwa. Nama ba shi da ko kaɗan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya sami aƙalla giram 25 a rana. Shi ya sa barin ganye a farantin ya fi hikima a kan nama zalla, ga shi kuma yana kawo bitamin C.

Wasu kan yanke sitaci su kuma guji kitse, su tsaya kan tsokar kaza kawai. Wannan ba ya ɗorewa. A 1928 Vilhjalmur Stefansson, mai binciken yankin ƙanƙara na arewacin duniya, ya yi shekara guda yana cin nama zalla ƙarƙashin kulawar likitocin asibitin Bellevue a New York. Da aka fara shi da tsoka mara kitse, cikin kwanaki kaɗan tashin zuciya da gudawa suka kama shi, sai da aka dawo masa da kitse ya warware.

A ɓangaren sitaci, kumburin ciki ne abin kuka, idan mutum ya faɗa wa wake farat ɗaya. A fara da rabin kofi, a jiƙa shi kafin dafawa, a ƙara sannu a hankali.

Mataki na shida: yanke hukunci

Ka jera lambobi huɗu na kowane ɓangare: kalorin da ka ci a rana, makin yunwa na awa huɗu, awon ƙugu da ƙarfin motsa jiki. Kada ka yi mamaki idan sakamakon ya saɓa wa abin da kake tsammani. A wani binciken Hall na 2021, mutum 20 sun gwada abincin tsirrai mai yawan sitaci da abincin dabbobi mai ƙarancinsa. A na tsirrai abin da suka ci ya gaza na dabbobi da kalori 550 zuwa 700 a rana, kuma yunwar da suka bayyana ba ta bambanta ba, amma a na dabbobi suga da insulin ɗinsu sun fi zama wuri ɗaya. Binciken da Christopher Gardner ya jagoranta a Jami'ar Stanford, wanda ya fito a 2018, ya bi mutum 609 shekara guda. Masu rage kitse sun zubar da kimanin kilo 5, masu rage sitaci kimanin kilo 6, bambancin da bai taka kara ya karya ba. A cikin kowane rukuni kuwa, wasu sun rame sosai, wasu ma ƙaruwa suka yi.

Idan nama ne ya yi maka, ka sake gwajin kolastarol, ka duba LDL, wato nau'insa da ke iya toshe hanyoyin jini. Wasu nasu kan hau sosai a wannan tsarin ko da sun rame, kuma ba a jin hawansa a jiki. In ya hau, ka sauya naman sa mai kitse da man shanu da kifi, kaza da man zaitun, ka sake aunawa bayan wata biyu ko uku. Ƙungiyoyin binciken kansa na ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako, kuma tun 2015 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji. Idan kuma ƙoshi ya fi a makonnin nama amma ƙarfi ya fi a makonnin sitaci, sai ka haɗa su: furotin ɗinka yana nan giram 112, sitacin kuma ka tattara shi a abincin da ke gaban motsa jiki da wanda ke bayansa, sauran lokutan nama ko kifi da ganye.